Neman shawara: Wuni ɗaya a Iskandariyya, mu tafi Giza ko mu tsaya cikin gari?

Tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni da mahaifiyata za mu yi tafiya a jirgin ruwan yawon buɗe ido a Bahar Rum, kuma zai yada zango a Iskandariyya ta ƙasar Masar daga bakwai na safe zuwa takwas na dare. Kamfanin jirgin ya tanadi motocin da za su kai mutane dalar Giza, ni kuwa raina yana can. Sai dai Hajiya ta haura saba'in, gwiwa tana damunta, kuma babban burinta shi ne ziyarar kabarin Imam Busiri, domin da ƙasidarsa ta Burda ta tashi tun tana ƙarama. Shin za a iya haɗa biyun a wuni guda ba tare da an wahalar da ita ba?

Amsa ta farko:

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Gaskiya ba za su haɗu ba. Tsakanin Iskandariyya da Alƙahira, wadda Giza take a gefenta, ya haura kilomita 200, wato kusan awa uku a mota idan hanya ta yi kyau, dawowa ma haka, ka ga awa shida sun tafi a zaune, abin da ya rage kuma na tafiya ne a kan yashi da duwatsu cikin rana. Mai ciwon gwiwa ba za ta ji daɗin wannan ba.

Shawarata ku tsaya cikin gari, kuma ba za ka yi asara ba. Masallacin Busiri, inda kabarinsa yake, yana unguwar Anfushi, ba nisa da tashar jiragen, a fili ɗaya da babban masallacin Abul Abbas al-Mursi, shehin Shaziliyya ɗan asalin Andalus wanda Busiri ya yi karatu a hannunsa. Saboda haka ziyara biyu ce a sauka ɗaya. Idan kun shiga, ka sa Hajiya ta ɗaga kai ta dubi bango, za ta ga baitocin Burda a rubuce, waɗanda na tabbata ta haddace su. Ku ba wa wurin nan lokaci sosai, kada ku yi masa shigar gaggawa.

Daga nan mota za ta kai ku ganuwar Ƙaitbai cikin 'yan mintoci. Sarki Ƙaitbai ne ya fara gina ta a 1477, a daidai inda tsohuwar hasumiyar da ke haska wa jiragen ruwa ta tsaya kafin girgizar ƙasa ta rushe ta. Matakalan ciki suna da wuya, don haka ta zauna a farfajiya ta sha iskar teku, kai ka hau sama. Bayan azahar sai ku bi titin bakin teku zuwa babban ɗakin karatun da aka buɗe a 2002, wanda aka sassaƙa haruffan rubuce-rubucen duniya a jikin bangonsa na dutsen Aswan.

Amsa ta biyu:

Malam, ni ra'ayina ya ɗan bambanta, domin ba kullum mutum yake samun kansa kusa da Giza ba. Idan akwai wani amintacce a tafiyar da zai raka Hajiya masallaci, kai ka tafi. Amma ka bi motar kamfanin jirgin ko da ta fi tsada, saboda idan cunkoson Alƙahira ya riƙe ta jirgin zai jira, alhali wanda ya ɗauki shatar kansa ya makara, a bakin ruwa za a bar shi. Ka kuma lura cewa lokacin rufe ƙofar jirgi yakan riga lokacin tashinsa.

Amsa ta uku:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da wannan hidima. Ni dai ban goyi bayan ku rabu ba. Mata suna da ƙofarsu daban a waɗannan masallatai, kuma tsohuwa a baƙon wuri hankalinta ya fi kwanciya idan ta san ɗanta yana bakin ƙofa yana jiranta. Kada ka kai ta kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Kom el-Shoƙafa, duk da za a yi ta tallata maka su, domin matakalarsu mai murɗawa ce kuma tana da zurfi. Tun kafin ku tashi ka nemi kamfanin ya rubuto maka ko fasfonku yana buƙatar bizar Masar kafin a bar ku ku sauka, domin dokar ta danganta da ƙasar mutum. Ka duba ko ranar ta faɗo Juma'a ko Asabar, tunda su ne ranakun hutun mako a can kuma lokutan buɗe wurare suna canzawa. Ka riƙe katin banki saboda tikitin wuraren tarihi, da ƙananan fam na Masar saboda masu tsaron takalma, sannan ku daidaita kuɗin tasi kafin ku shiga.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Mun yanke shawarar tsayawa cikin gari, kuma yau zan rubuta wa kamfanin a kan maganar biza. Ranar Talata ce za mu isa.