Me ya sa 'yan kokawar Meziko ba sa cire hular fuska?

Telan Ƙofar Marusa:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni tela ne a nan cikin Katsina. Yaron maƙwabcina ya kawo mini hoton ɗan kokawar nan Rey Mysterio a waya, wai in ɗinka masa irin hular nan da ke rufe fuska gaba ɗaya. Ɗinkin ba zai gagare ni ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne a ce mutum ya yi suna a duniya, amma ya ɓoye fuskarsa. Mu a nan ɗan dambe so yake a san shi, makaɗi ya ambaci ubansa da garinsu, a yi masa kari. To su mene ne dalilinsu? Tabo ne a fuskar, ko kuwa wani asiri ne?

Malamin makaranta, Daura:

Wa alaikumus salam maigida. Ba tabo, ba asiri. A wurinsu hular ita ce sunan mutum, ita ce jarinsa. In kana son ka gane, sai ka ji labarin El Santo. Sunansa na yanka Rodolfo Guzmán Huerta, an haife shi a garin Tulancingo na ƙasar Meziko a 1917. A 1942 ya fara fitowa da hula mai launin azurfa, kuma da farko a ɓangaren mugaye yake, masu maguɗi, kafin daga baya ya koma gwarzon jama'a. Ya fito a finafinai sama da 50, yana faɗa da aljanu da 'yan fashi, duk fuska a rufe. Har ya yi ritaya a 1982 talakawan da ke cika gidan wasa ba su san kamanninsa ba.

Suna da wani wasa da ake sa hula a caca. Wanda aka kayar, nan take zai cire tasa a gaban jama'a, ya faɗi sunansa na gaskiya da garinsu. A 1952 Santo ya yi wa wani gwani mai suna Black Shadow haka. Shi kuwa ba wanda ya taɓa raba shi da tasa. A Janairun 1984 ne ya ɗaga ta da kansa a wani shirin talabijin, na ɗan lokaci kaɗan. Ranar 5 ga Fabrairu ya mutu, aka binne shi da ita a fuskarsa.

Hajiya daga Ƙofar Kaura:

Subhanallahi, har kabari? Malam, to iyalinsa fa, su ma ba su san fuskar maigidansu ba?

Malamin makaranta, Daura:

A'a Hajiya, a gida mutum ne kamar kowa. Ɗansa ma ya gaji sana'ar da hular, ana kiransa El Hijo del Santo, wato ɗan Santo.

Mai gidan kallo, Sabuwar Unguwa:

Baba tela, bari in tsoma baki kan Rey ɗin, tunda kullum shi yara ke cika mini kunne da shi. Shi ba a Meziko aka haife shi ba, ɗan Kalifoniya ne a Amurka, sunan kuma a wurin kawunsa ya samo. Kuma an taɓa cire masa hula. A 1999, lokacin yana kamfanin kokawa na WCW, aka sa ta a caca a wasan da ya haɗa shi da Kevin Nash da Scott Hall, ya faɗi, duniya ta ga fuskarsa. Da ya koma kamfanin WWE a 2002 sai ga shi da hula kamar ba a yi ba, har ya ci gasar Royal Rumble a 2006. Ina son wasansa ƙwarai, ɗan ƙaramin mutum yana kayar da ƙatti. Amma in ana maganar riƙon al'adar nan, kada Malam ya bari a jera shi da Santo. Wanda aka riga aka ga fuskarsa, me kuma yake rufewa?