Kajina suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wuya na murɗewa, mi zan yi?

Ɗan Ader:
Salamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka mini. Ni a Tawa nike, ina da kajin gida 46 da zabi kaɗan, cikin kwana biyar 19 sun tahi. Kaza sai ta yi zugum ta saki hukahukai, tana buɗe baki kamar lumfashi ya gagare ta, zawo kore shar, wasu kuma wuya ya murɗe kai ya koma baya suna ta juyi wuri guda. Na saye maganin kapso ja da rawaya na zuba a ruwa, uwar gida ta daka barkono ta ƙara, babu canji. Sati biyu da suka wuce na sawo zakara a kasuwa na sake shi cikinsu, ko shi ne? Wallahi kajin nan da su nike biyan kuɗɗin lakwal na yara.

Malam mai allura:
Wa alaikumus salam, Allah shi maida alheri. Abin da ka faɗa ya yi kama da nikasal sosai, wato annobar kaji da ake ce ma Newcastle, kuma yanzu ne lokacinta, da hunturu ya shigo iska na kaɗawa sai ta yi ta share gari. Zakaran nan shi ne babban abin zargi, don cutar tana iya ɓoyewa jikin kaza kwana 2 har 15 kafin ta nuna, a kasuwa ka gan shi garau yana cara alhali yana ɗauke da ita. Kapso ba ya kashe ta ɗan uwa, ƙwayar birus ce, asarar kuɗi kawai kake. Ware marasa lahiya yau yau, waɗanda suka mutu ka gina rami mai zurfi ka rufe, kar a jefa bola karnuka su ja su zuwa gidan maƙwabta. Amma kar ka tsaya ga maganata kaɗai, murar tsuntsaye ma haka take farawa kuma ido ba ya raba su sai an auna, ka tuna a 2006 an same ta a Magarya, ita kuwa tana iya kama mutum. Ka je ma'aikatar kiwo ka shaida musu, su ne za su san ko a aika samfur LABOCEL, babban ɗakin gwajin cututtukan dabbobi da ke Yamai. Kafin nan kar ku yanka ku ci, kar yara su taɓa.

Hajiya mai ƙwai:
Sannu ƙanena, na san zafin nan. Ni a Yamai nike kiwon masu ƙwai, shekarar da na fara na yi rigakafi da kuɗina amma duk da haka suka mutu, ashe maganin ne ya lalace, wanda ya sayar mini firigonshi ba wuta tun dare, ni kuma na ɗauko shi cikin jaka a kan kabu kabu da rana tsaka ba ƙanƙara, na zo na zuba a ruwan pampo mai warin jabel na bar shi wuni. Ruwa kawai na ba su ban sani ba. Na kwana uku ina kwashe gawa da burweti ina kuka. Yanzu ba ni zuwa saye sai da kula da ƙanƙara, in na haɗa kuma cikin awa biyu sun shanye, ina hana su ruwa tukuna don su sha da ƙishi. Kuma duk kazar da ta shigo gidana sai ta yi sati biyu ita kaɗai a akurki can nesa, ko kyauta ce daga dangi, sun yi ta cewa na cika tsirfa ban damu ba.

Ɗan Ader:
Hajiya na gode. To malam waɗanda suka rage in yi musu allurar rigakafin yanzu?

Malam mai allura:
Wadda ta riga ta kamu allura ba ta tashinta, rigakafi sai lafiyayya, kuma jiki na bukatar kamar sati biyu kafin ya samu kariya, shi ya sa ake yi tun kaka kafin sanyi. Bari ma'aikaci ya gani da idonshi tukuna. Nan gaba ga kajin gida akwai rigakafi iri biyu, akwai Itanew ta allura, rabin mililita, akwai kuma I-2 ɗigo ɗaya a ido, ta hi jure zafi amma ana maimaitawa duk wata uku zuwa huɗu. Sai dai kajin unguwa tare suke kiwo, in kai kaɗai ka yi cutar tana nan bayan darni, ku haɗa kuɗi ku saye kwalba guda ku yi rana ɗaya.

Ɗan Ader:
Na rufe matattun da la'asar, na zuba toka a akurki. Maƙwabcina ma ya ce nashi uku sun faɗi jiya, gobe da sahe tare za mu je ma'aikatar. Zabin fa, su ma in ware su ko su ba ta kama su?