Musayar Waƙa: Gwamna Lugga da Yaƙin 1903

Malam Na-Zungeru:
Assalamu alaikum. Yau Gwamna Lugga, Baturen Ingila da ya mulki Arewa, za mu ɗauka. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "wa". Bismillah:

A Madaras ta Indiya aka haife shi,
1858 ne shekarar haihuwa.
Afganistan da Sudan da Bama ya yi soja,
Hayaƙin albarushi ya saba shaƙawa.
A Karonga ta Malawi harsashi ya ratsa hannunsa,
Ya nufi Uganda bayan warkewa.
1900 ya kafa tuta a Lokoja,
Ya ce Arewa tasa ce, ba tambayar kowa.

'Yar Dala:
Baba Malam, ka bi shi ƙasa-ƙasa,
Ka tsaya daidai inda muke kokawa.
Ran 3 ga Fabrairu, 1903,
Kanar Molan ya iso Kano da igwa.
Sarkin Kano Alu yana Sakkwato bai dawo ba,
Ganuwar kakanni ta kasa tsayawa.
Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi ya kwanta,
Ya zaɓi shahada, ya ƙi guduwa.

Basakkwace:
Yaya, kin taɓo mini gyambo.

Ran 15 ga Maris a filin Giginya na Sakkwato,
Dawaki sun jeru, tutoci na kaɗawa.
Mashi da takobi da kwari da baka,
Ga bindiga mai ruwa ba ta gajiyawa.
Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas,
Manomi ya bar gona, ya bi shi da hijirawa.
Malamai da mata, da goyo a baya,
Makka suka nufa, ba niyyar dawowa.
A Burmi, 27 ga Yuli, aka cim musu,
Nan Attahiru ya faɗi, jama'a na kewayewa.
Abin da ya fi ci mini rai, 'yan'uwa,
Masu harbin da yawansu Hausawa.

Malam Na-Zungeru:
Ɗana, ban musa ba, Allah ya jiƙansu,
Amma a faɗi duka, kar a yi ragewa.
Lugga ya yi alkawari ba zai taɓa addini ba,
Alƙalai suka ci gaba da zartarwa.
Kasuwar bayi shi ya sa aka rufe ta,
Wanda aka kamo ya san daɗin kuɓutawa.

'Yar Dala:
Baba, ya bar rawani, ya ɗauke iko,
Sarki sai da takardarsa yake hawa.
Abbas a Kano shi ya naɗa shi,
Haraji kuma Razdan ke ƙirgawa.

Basakkwace:
Malam, da girmanka, ga Satiru ta kusa da Sakkwato,
1906, ba mai mantawa.
Talakawa ne da gatari da fartanya,
Suka kashe Turawa uku a karawa.
Lugga ya aiko da runduna a Maris,
Aka kashe kusan dubu biyu, ba tausayawa.
Aka rushe garin, aka hana sake gina shi,
Mata da yara aka yi ta kwashewa.
A shekarar nan ya ajiye aikin Arewa,
1907 Hong Kong ya tafi gwamnantawa.
Ya dawo ya haɗe Kudu da Arewa a 1914,
Satiru tana kufai, ba mai komawa.