Tambaya kan auna kubit biyu daga cikin uku masu sarƙe da juna

Ɗalibi daga Ɗambatta:
Assalamu alaikum, malamai. Ina nazarin halin GHZ na kwamfutar kwantum, wanda ya samo sunansa daga masana Greenberger da Horne da Zeilinger, inda kubit uku (kubit shi ne ƙwayar bayani ta wannan kwamfutar, mai iya zama 0 ko 1 ko haɗakar duka biyun) suke cikin haɗakar 000 da 111. Idan na auna biyun farko na ƙyale na ukun, kullum 00 ko 11 nake samu. Shin wannan ya isa hujjar cewa biyun a sarƙe suke, wato suna da alaƙar kwantum da ba ta barin kowanne ya zama da nasa halin shi kaɗai?

Malamin kimiyya daga Ringim:
Wa alaikumus salam. Ɗana, bai isa ba. Tagwayen da aka ɗinka wa riga iri ɗaya da Sallah, in ka ga ɗaya ka san launin rigar ɗan'uwansa, amma launin ya tabbata tun a shagon tela. Haka biyun nan suke muddin ka yi watsi da na ukun, domin da zarar ka juya ma'aunin daga fuskar Z (awon da ke tambayar 0 ne ko 1) zuwa fuskar X (awon da ke bambance haɗakar 0 da 1 iri biyu), dacewar za ta ɓace, kowanne ya ba da nasa sakamakon, kuma ba za su taɓa ƙetare iyakar Bell ba, wato iyakar dacewar da abubuwa masu sarƙewa kaɗai ke iya wucewa. Sarƙewar ta ukun ce gaba ɗaya.

Malama daga Kazaure:
Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne, idan ka auna na ukun a fuskar X, sauran biyun sai su faɗa cikin cikakken halin Bell, wato halin da kubit biyu suke a sarƙe matuƙa, amma mai riƙe da su ba zai san wanne ne daga cikin hali biyu ba sai an aiko masa da sakamakon ta hanyar sadarwa ta yau da kullum. Halin W, wato haɗakar 001 da 010 da 100, dabam yake: ko kubit ɗaya ya salwanta, sauran biyun suna riƙe da wani kaso na sarƙewa.

Injiniya daga Rano:
Ƙanena, akwai kuma awon da ba ya tambayar ƙimar kowane kubit, sai dai ya tambayi ko biyun sun dace ko sun saɓa. Ana yin sa ta hanyar ƙarin kubit mataimaki, kuma a halin GHZ amsar kullum "sun dace" ce, don haka halin ba ya rushewa. Ranar da amsar ta zama "sun saɓa", to ɗaya daga cikinsu ya kife, wato 0 ya koma 1 ko 1 ya koma 0, sai a yi irin wannan awon a kan na biyu da na uku a gano wanne ne. Da irin wannan awon ake farautar kuskure a tsarin da Peter Shor ya fitar a 1995.