Tashin Nima da tashin East Legon: me ke haɗa su faɗa bayan aure?

Ɗan Maamobi: Salamu alaikum iyaye da yayye. Ma'aurata ne, duka suna aiki a Accra, albashinsu kusan ɗaya. Mijin ya tashi a gidan haya a unguwar Nima, matar a gida mai katanga a East Legon, unguwar masu hali. Kullum rigimarsu a kan baƙi da 'yan uwa ce. Daga ina matsalar take, kuma yaya ake gyara?

Hajiyar Sabon Zango: Wa alaikumus salam ɗana. Yaron da ya girma a gidan da iyalai goma ke layin famfo ɗaya ya ga abin da ya ceci uwarsa ran da babu: maƙwabciyar da ta miƙo garin tuwo, adashi, gudummawar suna. Dokar haya ta Ghana ta 1963 ta ce kada mai gidan haya ya karɓi kuɗin gaba fiye da na wata 6, amma ana neman na shekara 2, kuma dangi ne ke haɗawa. Shi ya sa ko ya yi kuɗi ba ya iya rufe wa mutum ƙofa, gani yake bashi ne a wuyansa. Ita kuwa albashin mahaifinta ne ya riƙe gidansu, don haka baƙon da bai buga waya ba takura ce a wajenta. Ba rowa ba ce, kada a kira ta haka, kalmar tana kashe aure.

Malam Aboabo: Hajiya ta gama magana. Gyaran kuwa, su zauna ran da albashi ya shigo, ba ran da aka yi faɗa ba. Su ware kason dangi, misali 10 cikin 100, a zuba a layin MoMo (asusun kuɗi na waya) na daban. In ya ƙare, sai wata mai zuwa, in ban da asibiti da rasuwa. Baƙon kwana a faɗa masa ranar tafiya tun ranar zuwa. Inda ake ɓatawa shi ne miji ya riƙa turawa a ɓoye don gudun magana. Ran da ta ga saƙon a waya, zancen ya tashi daga kuɗi ya koma amana.

Hajiyar Sabon Zango: Malam, a ƙara da biki. Atamfar yayi da gudummawa su ma daga wannan kason za su fito. Kuma ta riƙa bin sa Nima ana gaisawa, ko da sau ɗaya a wata, don in ba a ganinta, duk abin da ya hana ita za a ɗora wa.