Wai waye almajirin a nan?

Na Jekadafari: Jama'a na gaji wallahi. Mutum ya sayi data ta ɗari biyar ya wayi gari mufti, likita, masanin siyasa duk shi kaɗai. Ni ƙa'idata in zan yi rubutu sai na ce a iya sanina, don ni almajiri ne. An ruwaito Imam Malik an masa tambaya 48, ya ce bai sani ba a 32, amma jiya na rubuta ban sani ba wani ya ce to me ya kawo ni.

Ɗan Wunti: Almajiri kuma? Malam a wace tsangaya ka yi? Ka taɓa wanke allo ka sha, ko ka kwana a soro da sanyin Disamba? Ku daina ɗaukar sunan bayin Allah kuna ado da shi.

Gwaggon yara: Haba ɗana, ai manyan malamai ma almajiri suke kiran kansu, tawali'u ne.

Ɗan Wunti: Gwaggo su sun yi karatun ne suka faɗa. Shi wannan har hoto ya sa da tabarau a gaban kantar littattafai, tawali'un da ake wa hoto ai talla ne.

Na Bolari: Dama ku mutanen Bauchi tun 1996 da Abacha ya cire mana Gombe ba ku huce ba, duk abin da ɗan Gombe ya faɗa sai kun nemo masa aibu.

Ɗan Wunti: Mu huce me? Shekara 20 kuna ƙarƙashinmu tun 1976, kuma garin da ya haifi Sa'adu Zungur ba za a koya masa rubutu ba.

Na Bolari: Ƙarƙashin wa? Buba Yero da ya kafa masarautar Gombe da kansa ya karɓo tuta wajen Shehu, ba a hannun Yakubun Bauchi ya karɓa ba, ka je ka tambaya.

Na Jekadafari: Dan Allah ni fa maganar ban sani ba nake yi

Gwaggon yara: Ka bari ɗana, yanzu wa ke ta taka.

Shugaban zaure: Toh na rufe nan. A taƙaice yawanci sun yarda cewa mai maganar ya yi gaskiya, kalmar almajiri ba gadon kowa ba ce, kuma an tabbatar Gombe da tutarta ta zo. Ɗan Wunti bai kawo hujja ko ɗaya ba sai hoton tabarau. Wanda ya sake tayar da zancen 1976 zan cire shi.