Faransanci, Sinanci ko Larabci: wanne ya dace da ɗan kasuwa?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Ina sayar da atamfa a Kantin Kwari, kuma ina son koyon wani harshe bayan Turanci. Wanne ya fi amfani?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Ɗana, ka kama Faransanci, domin da shi ake cike takardun kwastan a Benin da Chadi, kodayake a kasuwar Maraɗi Hausarka ta ishe ka.

Hajiya Mai Leshi: Idan daga birnin Guwanzu na ƙasar Sin kake saro kaya, Sinanci ya fi, saboda wasu tafintoci sukan ɗora nasu a kan farashi. Sai dai rubutunsa yana cin shekaru, don haka ka fara da lambobi da kalmomin ciniki.

Almajiri: Ranka ya daɗe, wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san haruffan Larabci, kuma harshen zai amfane ka a Jidda da Anjamena.